Ina nosZ ya shiga? Tambaya a kan ƙidayar bakteriyar ƙasar shinkafa

Hafsat:
Assalamu alaikum. Malamaina da yayyena na wannan zaure, a taimaka a duba min wani abu da ya hana ni barci tun ranar Talata. Aikin digirina na biyu a kan bakteriyar nan ne masu mayar da naitiret iska, waɗanda ke kwashe takin manomi su miƙa wa sama. Na ɗebo ƙasa daga fangalin shinkafa guda shida a wajen Kadawa, mako uku bayan an watsa yuriya, na kuma ɗebo ta gonar masara a tudu don in kwatanta. Na cire DNA, na saka a injin qPCR, na nemi ƙwayoyin gado uku: nirS, nirK da nosZ. Biyun farko sun fito fes. Shi kuwa nosZ, a ƙasar shinkafa sai can wajen zagaye na 34 yake ɗago kai, wasu ramukan ma shiru kamar ruwa na zuba. A ta masara ya fito, ko da yake ba yawa.

Abin da nake son rubutawa shi ne: tunda nosZ ne ke kashe iskar N2O, kuma ga shi babu shi, to fangalin nan masana'antar N2O ne. Malamin da ke duba aikina ya yi tafiya. In rubuta, ko in dakata?

Dakta Bello:
Wa alaikumus salam. Dakata. Ajiye biron tukuna.

Alhaji Sule Kura:
Ni fa shekara ashirin da ɗoriya ina noman shinkafa, amma wallahi kalma uku na gane a maganar yarinyar nan: fangali, yuriya, da Kadawa. Dakta, ka fassara mana kafin ku yi nisa. Wa ke kwashe takin? Ni na san ɓarawon buhu, ban san ɓarawon cikin ƙasa ba.

Dakta Bello:
Ranka ya daɗe, Alhaji, ɓarawon cikin ƙasa ya fi na buhu ɓarna, don shi ba ya jiran dare.

Ga yadda abin yake. Buhun yuriya mai kilo 50, abin da shuka ke so a cikinsa naitrojin ne, kilo 23. In ya shiga ƙasa yakan rikiɗa, wani kaso ya zama naitiret. To akwai bakteriya masu numfashi da oksijin kamar ni da kai, amma in ruwa ya cika ƙofofin ƙasa iska ta ƙare, ba sa mutuwa, sai su koma numfashi da naitiret. Suna sauke shi hawa-hawa, hawa huɗu: naitiret ya koma naitirait, naitirait ya koma iskar NO, ita ta koma N2O, sannan N2O ta koma N2, wato iskar da ta cika kashi 78 cikin ɗari na abin da muke shaƙa. Kowane hawa da ma'aikacinsa, kowane ma'aikaci kuma da ƙwayar gadon da ke ɗauke da tsarin ƙera shi. nirS da nirK su ne na hawa na biyu, inda takinka ke fara zama iska. Aiki ɗaya suke yi, sai dai ma'aikacin nirK da jan ƙarfe yake aiki, na nirS da baƙin ƙarfe. nosZ shi ne na hawan ƙarshe.

A wajenka, Alhaji, N2O da N2 duk asara ce, takin ya tafi. A wajen duniya kuwa da bambanci. N2 ba ruwanta da kowa. N2O kuwa kilo ɗaya nata na riƙe zafi kamar kilo 273 na iskar kabon a tsawon shekara ɗari, tana daɗewa a sama fiye da shekara ɗari, tana kuma cin rufin ozon. Shi ya sa Hafsat ta damu da nosZ.

Alhaji Sule Kura:
To na gane. Sai ƙidayar. Abin da ido ba ya gani, yaya ake ƙirga shi?

Dakta Bello:
Da can raino ake yi. Tun a shekarun 1880 wasu Faransawa biyu a birnin Bodo, Gayon da Dupetit, suka ware irin waɗannan bakteriya suka raine su a kwalba. An shekara kusan ɗari ana bin wannan hanya: a dama ƙasa da ruwa, a yi ta sirkawa, a zuba a kwalabe masu abinci, a jira kwana da kwanaki a ga wace kwalba ce naitiret ɗinta ya ƙare. Matsalar, galibin bakteriyar ƙasa ba sa yarda su tsiro a kwalba. Sai ka ƙirga 'yan tsirarun da suka amsa gayyata ka ce ka ƙirga gari.

Yanzu ba ma jiran su tsiro. A ɗauki ƙasa kwatan giram, a farfasa duk abin da ke ciki da 'yan duwatsu ƙanana, a tace DNA. Sai a kawo wasu gajerun zarurruka biyu da muke kira firaima, waɗanda aka ƙera don su manne a farko da ƙarshen ƙwayar gadon da ake nema. Injin ya yi zafi ya yi sanyi, kowane zagaye abin da ke tsakanin firaimomin ya ninka biyu. Ɗaya ya zama biyu, biyu huɗu, a zagaye 30 ɗaya ya haura biliyan. Akwai rini a ciki mai haske in DNA ta yi yawa. In ƙasa na da ƙwayar da yawa tun farko, hasken kan bayyana da wuri. In kaɗan ce, sai ya makara. Injin da aka yi ta gwajin korona da shi a 2020, shi ne dai wannan.

Baba Ado:
Salamu alaikum. Na karanta. Ni tsohon ma'aikacin ɗakin gwajin ƙasa ne, na yi ritaya kafin wannan injin naku ya zama ruwan dare, don haka a yi min afuwa in na yi ɓaranɓarama.

'Yata Hafsat, tambaya ɗaya: kin auna iskar?

Hafsat:
A'a Baba. Ba mu da injin auna iska a sashenmu.

Baba Ado:
To ta yaya za ki ce fangali na fitar da N2O alhali ba ki kama ko cikin sirinji ɗaya na iskar ba? Mutane ne kasuwa, ba tarin rumfuna ba. Ke rumfuna kika ƙirga. Ko kin ƙirga daidai, ba ki san ranar da kasuwar ke ci ba.

Mu a zamaninmu ƙasar muke sa wa a kwalba, mu toshe, mu ɗura mata iskar asitilin, irin wadda masu walda ke samu in sun jiƙa kabaid. Tun 1976 aka gano asitilin na toshe hawan ƙarshen nan da Dakta ya faɗa, sai komai ya tsaya a N2O. Kwalba biyu kike yi, ɗaya da asitilin ɗaya babu. Mai asitilin ta ba ki jimillar abin da ya tashi, maras shi ta ba ki abin da ya tsere a matsayin N2O. Bambancinsu shi ne aikin nosZ ɗin naki, aiki na zahiri, ba suna a takarda ba.

Dakta Bello:
Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Na yarda da rabin maganar. Amma asitilin ma ba waliyyi ba ne. Yana toshe bakteriyar da ke samar da naitiret ɗin tun farko. A fangalin shinkafa kuwa naitiret ba ya taruwa, ana yin sa ana cinye shi nan take. In ka toshe mai kawowa, sai kwalba ta nuna maka adadi ƙasa da gaskiya. Ga shi a ƙasa mai laka asitilin ba ya ratsa ko'ina.

Baba Ado:
Ban ce waliyyi ba ne. Na ce iska yake aunawa, kuma iska ake tambaya.

Ummi Lab:
Ku bari in shiga tsakanin manya da abin da na sani, don ni kullum a gaban injin nan nake wuni. Hafsat, kafin a je ga wa ya fi wa, ni ban ma yarda da ƙidayar ba. Amsa min:

Wane launi DNA ɗinki ta fito? Fara tas kamar ruwa, ko da ɗan ja-ja kamar shayin da bai ji ganye ba?

Hafsat:
Anti, ta shinkafar da ɗan launi, kamar ruwan tsamiya. Ta masarar fara ce. Na ɗauka ba komai tunda na'ura ta nuna DNA da yawa.

Ummi Lab:
Yauwa. Nan ne. Wannan launin sinadarin ruɓaɓɓen ciyayi ne, wanda ke sa ƙasar fadama ta yi baƙi. Yana bin DNA duk inda ta je, don kusan halinsu ɗaya wajen tacewa, kuma yana shaƙe enzayim ɗin da ke yin kwafi. Har na'urar da kika auna yawan DNA da ita yana ruɗa ta, saboda shi ma yana shan haske a inda DNA ke sha. Ƙasar tudu mai yashi ba ta da shi sosai, shi ya sa taki ta masara ta fito fara.

Gwajin ba tsada. Ɗauki DNA ɗin ki sirka da ruwa, kashi ɗaya cikin goma, ki sake sirka wannan ɗin kashi ɗaya cikin goma. Ki saka duka ukun. In babu abin da ke shaƙe injin, kowane sirki zai makara da zagaye 3.3, don ninki goma ke nan. In kika ga wanda aka sirka ya makara da zagaye ɗaya kacal, ko ma ya riga na asali fitowa, to dattin ne. Abin mamaki ne a karon farko: ka ƙara ruwa, abu ya ƙaru. Ni ranar da na fara gani sai da na ɗauka na juya kwalaben.

Kuma zagaye na 34 fa wuri ne mai hatsari. Me ramin da kika zuba ruwa zalla ya nuna? In shi ma ya ɗago a 35 ko 36, to abin da kike gani ƙila firaimomin ne ke manne wa juna. Ki duba zanen narkewa, wanda ke nuna ko abu ɗaya injin ya kwafa, ki kuma zuba a jel, mai raba guntayen DNA bisa tsawonsu, ki ga ko layin ya tsaya a tsawon da ya kamata.

Nura Malamin Gona:
Anti Ummi, ni ba gwani ba ne, amma in datti ne ya shaƙe injin, me ya sa bai shaƙe nirS da nirK ba? Ai DNA ɗaya ce.

Ummi Lab:
Tambaya mai kyau, Malam Nura. Wa ya ce bai shaƙe su ba? Mai yiwuwa sun fi abin da ta gani yawa nesa ba kusa ba. Abin da ke da yawa tun farko, ko an shaƙe shi zai fito, sai dai ya makara. Wanda dama kaɗan ne shi ke nutsewa. Sannan ba duk firaima ke jure datti daidai ba. Shi ya sa ya kamata ta gwada sirkin a kan ƙwayoyin gadon duka uku, ba nosZ kaɗai ba.

Dakta Bello:
Ummi ta gama da wannan. Saura tawa tambayar, wadda ta sa na ce a dakata. Hafsat, wace firaima kika yi amfani da ita wajen nosZ?

Hafsat:
nosZ2F da nosZ2R, Malam. Su na gani a yawancin takardun da na karanta.

Dakta Bello:
Na zata. Waɗannan daga birnin Dijon na Faransa suka fito a 2006, kuma suna da kyau a kan abin da aka ƙera su dominsa. Amma lokacin da aka ƙera su, nosZ ɗin da aka sani na dangin bakteriyar da aka saba rainowa ne, irin su Pseudomonas da Paracoccus da Bradyrhizobium. Sai a 2012 da 2013 wasu masu bincike a Amurka, da wasu a Suwidin da Faransa, suka nuna akwai wani gida guda na nosZ da ba a lissafa shi ba, aka kira shi dangi na biyu. Aikinsu ɗaya, amma rubutun DNA ɗin ya sha bamban har firaimomin 2006 ba sa manne masa. Da aka ƙera masa nasa firaimomin aka koma ƙasashen gona, sai ga shi a wurare da dama ya kai dangi na farko yawa, wani wurin ma ya fi shi.

Ka ga ke nan shekara da shekaru mutane na ƙirga unguwa ɗaya suna cewa sun ƙirga gari. Ba ƙarya suka yi ba, koma ce ba ta kama irin wannan kifin.

Abin da ya fi jan hankalina a dangi na biyu: da yawansu ba su da nirS ba su da nirK. Ba sa ƙera N2O, cin ta kawai suke yi. Ɗaya daga cikinsu, Anaeromyxobacter, sananne ne a ƙasar shinkafa. Ke kuma ƙasar shinkafa kika ɗebo. Saboda haka ko DNA ɗinki ta fito fara kamar ruwan zamzam, ba za ki iya cewa babu nosZ ba. Iyaka ki ce dangi na farko kaɗan ne.

Ki shirya, firaimomin dangi na biyu suna da wahalar sha'ani. Guntun da suke kwafa ya kusa harafi 700, na dangi na farko 267 ne. Dogon guntu ba ya ninkuwa da kyau a qPCR, sai kin yi ta gyaran zafi.

Hafsat:
Innalillahi. Wato babi guda na kusa rubutawa a kan abin da ban nema ba.

Baba Ado:
Kin ga abin da nake faɗa? Yau an ce dangi biyu ne. Wa ya san gobe? Ita kuwa iska ba ta da dangi. N2O ce ko ba ita ba ce.

Dakta Bello:
Baba, iska na gaya maka nawa ya fita yau. Ba ta gaya maka dalili. Fangali biyu, taki ɗaya, ruwa ɗaya, ɗaya na fitar da N2O ɗaya ba ya fitarwa, me za ka ce? Da aka duba cikakken DNA na bakteriya masu wannan aiki, an tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ba su da nosZ sam, a N2O suke tsayawa. Masu binciken Dijon sun gwada zuba irin waɗannan a ƙasa, a wasu samfuran ƙasar N2O ta ƙaru. Ka ga su wane ne ke zaune a ƙasar ma yana da tasiri. Akwai kuma naman gwari irin su Fusarium da ke wannan aiki, su ma ba su da hawan ƙarshe. Sirinji ba zai faɗa maka wannan ba.

Baba Ado:
To bari in ba ka wanda injinka ba zai faɗa maka ba. Tsamin ƙasa. A Samaru akwai filin gwaji da aka fara tun 1950, na kashin shanu da takin zamani, duk wanda ya karanta ilimin ƙasa a Arewa ya san shi. Abin da irin waɗannan filaye suka koya mana shi ne, ka daɗe kana zuba takin naitrojin zalla babu takin gida, ƙasa za ta yi tsami. Kuma sananne ne ƙasa mai tsami ta fi fitar da N2O. Ka ƙirga nosZ a cikinta, zai fito?

Dakta Bello:
Zai fito. Nan kam Baba ya kama ni. Mutanen Nowe sun bi wannan a hankali. A ƙasa mai tsami, in ma'aunin tsami, wato pH, ya sauka ƙasa da 6, ƙwayar gadon na nan, bakteriyar ma na karanta ta, amma enzayim ɗin ba ya haɗuwa daidai, don a wajen ɓawon ciki na jikin bakteriyar ake harhaɗa shi inda tsamin ke taɓa shi. Ga tsarin gini, ga magina, ginin ya ƙi tsayuwa. Mai ƙirga DNA zai ce lafiya lau, mai ƙirga RNA, wato kwafin da bakteriya ke yi in tana karanta ƙwayar gadon, shi ma zai ce lafiya lau, iska kuwa na fita.

Baba Ado:
Alhamdu lillahi. A rubuta ranar yau.

Ummi Lab:
Baba an ci kofi. Amma in ƙara masa wani makamin ma: DNA ba ta san rai da mutuwa ba. Bakteriya ta mutu, DNA ɗinta na iya manne wa laka ta daɗe. Wani bincike da aka buga a 2016 a kan samfuran ƙasa daga Amurka ya samu kusan kashi 40 cikin ɗari na DNA ɗin ƙasa, a matsakaici, ta matattu ce. Ku tuna ƙasar tudu a nan wata shida zuwa bakwai take yi ba ɗigon ruwa. Wanda ya ɗebi ƙasa a watan Afrilu ya ƙirga, da masu barci da matattu duk ya haɗa.

RNA ce ke nuna masu aiki a lokacin, amma kada wanda ya ba Hafsat shawarar RNA. Cikin mintuna take lalacewa. Sai ka daskarar da ƙasar a bakin gona, ka riƙe ta a sanyin 80 ƙasa da sifili har ranar aiki. Ni na taɓa tara samfur na damina guda cur, aka ɗauke wuta ranar Juma'a da yamma, janareta ba mai, na dawo Litinin na tarar da ruwa na bin ƙasan firiza. Zama na yi a ƙasa na yi kuka, ba kunya. Tun daga ranar DNA kawai nake yi, ita ko ta ɗan sha wuya tana haƙuri.

Laouali Maraɗi:
Sannunku da aiki. Ni tambayata daban ce. Mu nan gero muke yi a jigawa, taki kuma ɗan kaɗan muke sawa a gindin shuka, cikin marfin kwalba, yadda aka gwada a cibiyar binciken noma ta Sadore a Nijar. Wannan ɓarawon ya shafe mu?

Dakta Bello:
Malam Laouali, kaɗan. Yashi ba ya riƙe ruwa, iska na shiga ko'ina, su kuwa sai ruwa ya cika fiye da kashi 60 cikin ɗari na ƙofofin ƙasa suke kankama. Naku ɓarawon shi ne ruwan da ke wanke naitiret ya yi ƙasa da shi inda saiwa ba ta kaiwa. Sai dai ruwan farko. In ya sauka a busasshiyar ƙasa, komai na farkawa lokaci guda, naitiret ya taru, iska ta fita da yawa cikin 'yan kwanaki. Wanda ya zo aunawa bayan mako biyu ya tarar an tashi kasuwa.

Alhaji Sule Kura:
Na bi ku tiryan-tiryan, har na fara jin daɗin faɗan Dakta da Baba Ado. Amma ni ɗan kasuwa ne. Yarinyar nan ta gama ƙirga su, dangi na farko da na biyu har da na goma. Buhu nawa zan rage saye?

Nura Malamin Gona:
Alhaji, gaskiya ƙidayarta ba za ta rage maka buhu bana ba. Amma abin da ke rage buhun an san shi, kuma daga sanin halin bakteriyar nan aka samo shi.

Fangalin da ruwa ya kwanta, ƙasarsa hawa biyu ce. Akwai ɗan siririn sama, bai wuce kaurin yatsa ba, mai ɗan ja, nan akwai iska. Ƙarƙashinsa laka ce mai toka-toka, babu iska. In ka watsa yuriya a kan ruwa, wani kaso ya tashi a matsayin amoniya tun kafin ya taɓa ƙasa, musamman da rana tsaka. Wanda ya sauka a siririn saman nan ya zama naitiret, ya zurara ƙasa inda ba iska, mutanen Hafsat su cinye. Shi ya sa shinkafar da aka watsa wa yuriya sau da yawa ba ta cin fiye da kashi 30 zuwa 40 cikin ɗari. In kuwa ka cusa dunƙulen yuriya cikin laka, zurfin santimita 7 zuwa 10, a tsakiyar gindi huɗu, kamar mako guda bayan dashe, to ya tsallake siririn saman. Ba zai zama naitiret da sauri ba, ɓarawo bai samu abin ɗauka ba.

Alhaji Sule Kura:
Na san dunƙulen. Na gwada shekara biyu, shinkafa ta yi kyau. Kuɗin 'yan ƙwadago ne ya kore ni. Yaro ya wuni a sunkuye yana cusa ƙwallo ɗaya-ɗaya, gobe ba zai dawo ba sai ka ninka masa. Kuma sai dashe ya zama a layi, mu kuwa masu dashenmu ka san yadda suke yi.

Nura Malamin Gona:
Wannan gaskiya ne, ba ni da amsarsa a cikin jaka.

Baba Ado:
'Yata, wani abu da ba wanda ya tambaye ki. Kowane fangali, wuri nawa kika ɗiba?

Hafsat:
Wuri ɗaya Baba, a tsakiya. Na cika leda.

Baba Ado:
Hekta guda, ƙasar saman da garma ke juyawa ta haura tan dubu biyu. Ke kuma kwatan giram kika saka a injin. Wani Ba'amurke a 1987 ya yanka dunƙulen ƙasa gunduwa-gunduwa yana aunawa, ya tarar kusan kashi 85 cikin ɗari na aikin daga wani guntun ruɓaɓɓen ganye yake fitowa, wanda bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyin ƙasar ba. In cokalinki ya faɗa kan guntun saiwa, kin samu gari. In ya kauce da faɗin yatsa, kin samu kufai. Ki ɗebi wuri biyar ko fiye a kowane fangali, ki gauraya sosai, ki cire DNA sau uku daga gaurayen. Kuma ki raba siririn saman da Nura ya faɗa da lakar ƙasa, kada ki haɗa su a leda ɗaya.

Sannan ki busar da wani kaso a oben, zafi 105, kwana guda, ki san nauyin ruwan. In ba haka ba, kina kwatanta giram na taɓo da giram na busasshen yashi. Rabin naki na shinkafa ruwa ne.

Hafsat:
Wannan na ƙarshen ma ban yi ba. Na gode Baba. Na gode Anti, na gode Malam. Zan fara da sirkin gobe in Allah ya kai mu.

Hafsat:
Salam. Na dawo da labari, kwana huɗu ke nan. Anti Ummi, kin yi gaskiya. Da na sirka kashi ɗaya cikin goma, nosZ da ke fitowa a 34 ya dawo 31. Na ƙara ruwa ya ƙaru, sai da na sake dubawa ko na juya kwalabe, kamar yadda kika ce. nirS ma zagaye ɗaya da rabi kawai ya makara maimakon 3.3, wato shi ma a shaƙe yake, Malam Nura. Daga sirki na farko zuwa na biyu ne lissafin ya daidaita. Ramin ruwa zalla shiru har ƙarshe, layin jel kuma ya tsaya inda ya kamata. Na auna tsamin ƙasar ma, ta shinkafar ba ta da tsami, ta masarar ce ke da ɗan tsami.

Firaimomin dangi na biyu na ba da oda, an ce mako uku zuwa huɗu.

Dakta Bello:
Madalla. In sun zo kada ki yi amfani da ma'aunin dangi na farko wajen lissafa na biyu. Kowanne da nasa jerin sirkin da aka san adadinsa. Ina da ƙwayar dangi na biyu a cikin filasmid, wato ɗan zoben DNA da ake adana ƙwayar gado a ciki, zan ɗiga miki a takardar tacewa in aiko, ba ya buƙatar ƙanƙara.

Baba Ado:
Mako huɗu kina zaune? Shinkafar ba za ta jira ki ba. Alhaji Sule, yaushe za ka yi taki na biyu?

Alhaji Sule Kura:
Ranar Asabar mai zuwa, in an sako ruwa.

Baba Ado:
To 'yata, nemo bokitin fenti na roba guda shida, masu marfi mai kamawa. A yanke gindin, a kafa su a laka tun ranar Alhamis don ƙasa ta huta. A huda marfin a sa toshiyar roba irin ta kwalbar allura. Sirinji da ƙananan kwalabe ina da su a gida tun na aiki. Za mu ja iska a minti na farko, na 20 da na 40, da safe wajen ƙarfe tara, kafin taki da kuma kowace rana bayansa har mako guda. Kwalaben in an toshe su da kyau suna jira har ki samu inda za a auna.

Dakta Bello:
Kuma duk ranar da aka ja iska a ɗebi ƙasa a gefen bokitin, Baba.

Baba Ado:
A ɗiba. Ban hana ba.

Alhaji Sule Kura:
Ku zo, gonar na nan bayan gadar kanal. Amma Baba Ado ka zo da takalmin ruwa, akwai matsattsaku. Hafsat, bokitin kada ki saya, ina da na fenti guda huɗu a shago, biyu kawai za ki nema.